Allurar Da Manzo Bai Yi Ba

"Ka yi masa allurar!"

Manzo bai motsa ba. Yana tsaye a bakin ɗakin marasa lafiya, takalmansa a hannu, sai ka ce gaisuwa ya zo ba aiki ba.

"Majo, da kai nake! Ga allura na dafa, ga auduga, mabuɗin akwatin magani yana aljihunka. Me kake jira?"

"Hinda... gobe Lokotoro zai zo."

"Gobe? Dubi wuyansa fa! Ƙwayar da ka ba shi duk ya amayar."

"Zan sake ba shi."

"Zai sake amayarwa!"

A kan gadon ƙarfe mahaifinta ne kwance, Malam Mainassara, kansa ya lanƙwashe baya, yana nishi sama-sama. Sanƙarau ne, cutar da ke biyo zafin bazara ta ɗauki mutum yana tsakiyar harkarsa. Su biyun sun san maganin wanda cikinsa ya ƙi riƙe ƙwaya: allura ce a ɗuwawu, in kai ya matsa a ɗebi ruwan baya. Duk ta inda aka bi, sai an kwance wa mutum wando.

Manzo ya sassauta murya. "Sanyin idona, ki fahimce ni. Bawan Allahn nan ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Yau a ce ni zan kama mazagin wandonsa?"

"Bai zama surukinka ba tukuna."

"In na yi, ba zai taɓa zama ba."

Ta dube shi, ta dubi taga. Can ƙarƙashin bishiyar bedi ga Baffa Illa, ƙanen mahaifinta, zaune yana jan carbi. Kusa da shi Sambo mai awon gyaɗa ne, ya zo dubiya wai, amma idonsa bai bar ƙofar ɗakin ba.

Tsamiyar Ari gari ne na masu gyaɗa tsakanin Magariya da Dungas, a zamanin da kumandan Bafaranshe ke da ƙasar. Likitar garin ɗaki biyu ce da rumfa. Lokotoro, wato babban likita, wani mutumin Dahome da ya san kowane gida da cutar da ke bin zuri'arsa, ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, don yana da wasu garuruwan a wuyansa. Shi ke dubawa ya faɗi cuta, shi ke yanka in ta kama. In ya tafi, Manzo ne ido da hannu. Ya koyi aikin jinya a Yamai, shi ke allura, shi ke ɗinki, shi ke riƙe da mabuɗi, shi ya sa kowa ke ce masa Majo. Ita kuwa Hinda mataimakiya ce. Dafa allurai nata ne, da wanke gyambo, da riƙe mara lafiya kada ya motsa, da tsayawa kusa da mata in za a duba su, don ba macen da za ta yarda ta shiga ɗakin nan in ba wata mace a ciki. Bazawara ce ƙarama, aurenta na fari bai yi ƙarko ba, kuma Lokotoro da kansa ya je ya roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi aikin. Allura dai ba a taɓa ba ta ta yi ba, ba ta ma san ma'aunin maganin ba.

Ranar da aka kawo wani manomi da hauya ta sare masa ƙafa ne ta fara sonsa. Jiri ya ɗebe ta da ta ga ƙashi, Manzo kuwa bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗinki yana ba ta labarin garinsu Gure, da raƙumin kakansa mai cin goro, har ta manta da jirin ta shiga dariya. Da ta lura hannunsa ko rawa bai yi ba, ta ce a ranta wannan hannun ana iya ba shi amanar rai.

Da ya aika neman aure, gidan ya yi tsit. Sambo ya daɗe yana son Hinda, kuma mutum ne da bakinsa ya fi ma'auninsa aiki. Bai zagi Manzo ba, ina! Ya fi haka wayo. A majalisa ya riƙa cewa, "Majo mutumin kirki ne, wallahi. Sai dai aikin likita yana wanke wa mutum kunya. Wanda ya ga tsiraicin rabin gari, ina zai san suruki? Gobe Malam ya yi zazzaɓi, shi ne zai tuɓe shi."

Maganar ta shiga kunnen Malam Mainassara ta zauna. Ya ce bai ƙi ba, bai kuma yarda ba, zai duba kunyar yaron tukuna.

To, daga nan Manzo ya ɗauki kunya ya aza a ka kamar tallan da ba a saukewa. In ya hango Malam daga nesa ya tuɓe takalmi, rairayi na ƙuna ko ba ya ƙuna. In Malam na layin masallaci, shi ya bi ta bayan kasuwa. Hinda har tsokanarsa take, tana cewa wata rana zai faɗa rijiya garin kauce wa Baba. Lokacin abin dariya ne.

"Ba ni mabuɗin," in ji ta yanzu. "Ni zan yi."

"Ki soki jijiya ki gurgunta shi? Hinda, ki yi haƙuri zuwa gobe. Malam na da ƙarfi."

"Wancan makon da aka kawo maƙeri, ka jira Lokotoro?"

Ya durƙusa daga nesa ya niƙa ƙwaya a cokali, ya miƙo mata ta ba shi. Ta ɗaga kan mahaifinta ta ɗura. Ba a jima ba ya dawo da ita a kan zanenta.

Washegari da hantsi, kasuwa ta fara cika, rai ya yi halinsa. Motar Lokotoro ta iso ana haɗa ruwan wanka.

Hinda na jin sa yana faɗa da Faransanci a ɗakin magani, muryarsa na hawa tana sauka, ta Manzo kuwa ba a ji ta ba sam. Ita tana rumfa tana wanke tasar da mahaifinta ya yi amai a ciki. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Da Lokotoro ya fito ya tsaya kanta, ya ce da Hausarsa mai karkata, "'Yata, wasu ana yi musu allura su tafi. Ba wanda ya sani."

"Haka ne," ta ce, ta kife tasar.

Ba ta yi kuka ba. Ba wai daurewa ta yi ba, kukan ne bai zo ba. Mata na shigowa gaisuwa suna rungume ta, ita tana lura da wadda idonta ya yi ɗorawa da wadda yaronta ke buƙatar wankin kunne.

Abin da ba ta zata ba shi ne yabo. Ranar sadakar bakwai tana bayan zana tana zuba fura ta ji Baffa Illa na gaya wa maza, "Yaron nan ɗa ne! Ina zaune ina kallo. Aka matsa masa ya tuɓe Yaya, ya ce Allah ya kiyaye. Yaya ya koma ga Ubangijinsa da suturarsa. Waɗanda suka ce ɗan likita ba shi da kunya, sai su nemi wata maganar."

Aka yi ta "madalla, madalla." Sambo ya sha jinin jikinsa, ya sulale tun ba a shafa fatiha ba.

Kafin wata ya ƙare aka karɓi gaisuwar Manzo, aka ce da Inna A'i, mahaifiyar Hinda, ta fita takaba za a ɗaura. Kaya suka shigo gida, turmin atamfa da kwalbar turare da ƙwaryar goro. Ƙawaye suka yi ta guɗa. Hinda ta taɓa atamfar, ta ce tana da kyau, don ta san haka ake cewa.

Aiki ta koma. Da safe ta hura gawayi, ta dafa allurai, ta jera su a faranti, ta miƙa. Shi ya karɓa. Ya rame, idanunsa sun faɗa, kuma yanzu ko wa aka kawo ba ya jiran kowa.

Wata rana da rumfa ta watse ya tare ta a wurin murhu.

"Hindatu..."

"Na'am, Majo."

"Ki zage ni mana."

"In ce me?"

"Ko me. Ki ce na kashe shi. Ki jefe ni da farantin nan. Wannan shirun naki ya fi mini komai ciwo!"

"Ban san ko kai ka kashe shi ba. Lokotoro ma bai sani ba."

"Amma kina ganin..."

"Ba na ganin komai."

"Masoyiyata, har yanzu kina sona?"

Ta leƙa cikin zuciyarta. Dubawa take yi da gaske, yadda take duba aljihu in ta nemi ashana.

"Na duba wurin," ta ce, "ban tarar da komai ba. Ba so, ba ƙi. In aka ɗaura zan tare. Zan yi maka tuwo."

Ya juya ya shiga ɗakin magani ya daɗe bai fito ba. Ita ta ƙara gawayi.

Bazarar nan ta ƙi ƙarewa. Hadari ya haɗu ya watse, mutane na kwana a tsakar gida suna duban gabas. Wata safiya Hinda ta shiga gaida Inna ta tarar ba ta tashi daga shimfiɗa ba. Ta taɓa goshinta. Ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyarta ta ɗan ɗaga, sai Inna ta ƙwalla ƙara, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa.

Baffa Illa ya ce ba inda za a kai ta. Mace mai takaba ba ta fita, namiji kuma ba ya shigar mata. A kira malam ya yi rubutu, ranar kasuwa in Lokotoro ya zo a gaya masa ya ba da ƙwaya. Ranar kasuwa kuwa da saura.

Hinda ta ɗauki mayafi ta tafi likita. Ba roƙo ta je yi ba, ta gama roƙo a rayuwarta. Ta tarar da shi yana naɗe wa wata tsohuwa hannu.

"Ba zan yi aiki yau ba. Inna ta kamu."

Hannunsa ya tsaya. "Tana riƙe ruwa?"

"Tana amayarwa."

"To."

Ta juya za ta tafi. Ya ce, "Akwai dafaffun allurai?"

"Na jiya da yamma suna cikin faranti a rufe."

"Ki sake dafa su. Maza."

Suka ratsa gari, shi a gaba da akwati, ita a baya da faranti. A zauren gidan Baffa Illa ya miƙe ya tare ƙofa. Ya dubi akwatin, ya dubi ƙafar Manzo, takalmi na nan bai tuɓe ba.

"Ina zuwa, Majo?"

"Wurin mara lafiya, Baffa."

"Surukarka ce!"

"Na sani."

"Takaba take yi!"

"Na sani, Baffa."

"Kai da na yaba a gaban mutane? To ka ji da kyau. In ka ɗaga labulen ɗakin nan, babu kai babu Hinda. Ni na ba ka, ni zan karɓe."

Manzo ya waiwayo ya dube ta. Ta ɗauka zai tambaye ta abin da take so. Bai tambaya ba. Kallonta kawai ya yi, kallon mai son ya riƙe fuska a ransa.

"Na ji, Baffa. Ka gafarce ni, ka ba ni hanya."

Ya raɓa ta gefensa ya wuce.

Inna ba ta cikin hayyacinta, tana kiran sunan mutanen da suka daɗe da mutuwa. Hinda ta hau shimfiɗar ta juya ta gefe, ta tattaro gwiwoyinta zuwa ƙirji, ta danna kanta a kafaɗarta, yadda ta riƙe matan garin nan ba adadi. Da ɗayan hannun ta ja zane, ta rufe ko'ina, ta bar wuri kamar tafin hannu.

"Kin riƙe?"

"Na riƙe."

"Kada ta motsa."

"Ba za ta motsa ba."

Ta kalli hannunsa. Rawa yake yi, karo na farko tun da ta san shi. Ya tsaya, ya yi bisimilla, ya ja numfashi har hannun ya natsu, sannan ya soka.

Safe da yamma ya riƙa zuwa. Ba mai amsa sallamarsa a zaure, ba mai ba shi ruwa. Ya shiga, ya yi abin da ya kawo shi, ya fita. Gari kuwa ya ɗauka, har a bakin rijiya. Sambo ya samu abin da yake so, yana awo yana cewa, "Me na gaya muku?"

Ranar da aka yi ruwan fari Inna ta buɗe ido ta ce a ba ta kunu. Kunnenta ɗaya ya tafi, amma ta tashi.

Da ta yi ƙwari har tana zama, wata maƙwabciya mai saurin baki ta ba ta labarin yadda aka yi. Hinda ta shigo ta tarar ta ja mayafi ta rufe fuska, ita kaɗai a ɗaki.

"Inna, lafiya?"

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ke kika riƙe ni?"

"Ni ce."

Inna ta ƙara duƙunƙunewa. Sannan daga cikin mayafin ta ce, "Allah ya saka masa. Ki gaya masa na ce Allah ya saka masa da alheri, ya ba shi mace tagari. Amma ba a gidan nan ba."

"Inna, da bai yi ba, da yanzu..."

"Na sani! Kina tsammani ban sani ba? Hinda, suruki ana haihuwa ya zo, ana suna ya zo, da salla ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Da wane ido zan amsa masa? In goya 'ya'yansa ina tuna abin da ya gani? Ki ji tausayina, 'yar nan. Ba zan iya ba."

Ba faɗa take yi ba, kuka take. Da Baffa ne kaɗai, da Hinda ta ja da shi, bazawara ce, tana da bakin magana. Amma wannan uwarta ce, wadda ta dawo daga bakin kabari da rabin ji, tana roƙonta.

"To, Inna," ta ce.

Aka mayar da atamfa da turare. Goron an riga an cinye, Baffa ya sayi wani ya cika ƙwaryar. Da yamma Sambo ya zo zance da sabuwar hula. Hinda ta fito zaure ta tsaya.

"Malam Sambo, ranar da za a kawo ka likita, ni zan riƙe ka. Ka yi addu'a a samu mara kunyar da zai yi maka allura."

Ta koma ciki, bai sake dawowa ba.

Manzo da kansa ya roƙi Lokotoro a mayar da shi wani gari can bayan Dungas. Ya ce Inna za ta buƙaci likita wata rana, kuma muddin yana nan ba za ta taka rumfar ba. Aka turo wani majon, dattijo mai tari.

Ranar tafiya kamiyon 'yan kasuwa, wato babbar motar kaya, ya tsaya bakin bedi, ana ɗora buhuna. Manzo ya miƙa wa dattijon mabuɗi, ya nuna masa inda komai yake. Sannan ya zo wurin murhu, inda take zaune tana fifita gawayi.

"Zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ki riƙa duba kunnen Inna. In ya fara ruwa kada ki jira ranar kasuwa."

"To."

"Sabon majon hannunsa da nauyi. Ki riƙe yara da kyau."

"To."

Ya tsaya yana juya hularsa. "Hinda, da a ce tun ranar Malam na..."

"Kada ka faɗa."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Tun a zaure na yafe, ban dai sani ba sai daga baya."

Direba ya danna ƙaho. Manzo ya ɗauki ƙunshinsa ya juya. Tun ranar da ya fara neman aurenta bakinta bai ƙara kama sunansa ba, ko a bayan idonsa, don mace ba ta kiran sunan wanda zai zama mijinta. Yanzu kuwa ba abin da ya hana.

"Manzo!"

Ya tsaya cak, bai waiwayo ba. Ya gane.

"Na gode da Inna," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya kama ƙarfen kamiyon ya hau kan buhuna, ya zauna yana fuskantar gaba.

Ta koma rumfa, don layi ya riga ya taru. Ta farko wata matar Fulani ce da 'yarta da ta faɗa murhu, ƙuna a dantse. Hinda ta durƙusa, ta jiƙa auduga, ta fara ɗaye tsumman da ya manne a hankali. Yarinyar ta cije leɓe ba ta yi kuka ba. Sai ga ɗigo ya sauka a bayan hannun Hinda, wani ya biyo shi. Ta goge da kafaɗa ta ci gaba, suka ƙi tsayawa, ƙirjinta ya ɗauki wani zafi tun daga ranar tasar nan har zuwa yau, duka a lokaci guda.

Matar ta leƙa fuskarta da mamaki. "Baiwar Allah, ita ta ƙone, ke kike kuka? Ko ke ma wani wurin ke miki ciwo?"

"Eh," in ji Hinda. "Yanzu ya fara. Riƙe mini hannunta, ban gama ba."